Lufus, juna biyu da fargabar sankarar yara: amsa ga mai cikin da ta ajiye magungunanta

Tambaya: Likita, shekara huɗu ke nan ina fama da lufus, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita. Yanzu ina da cikin sati tara, bayan ɓari biyu da na yi a baya. Na ga wani labari a waya cewa matan da garkuwar jikinsu ke yaƙar jikin nasu sun fi haihuwar yaran da ke kamuwa da sankara. Tun ranar na ajiye magungunana uku, Plaquenil da Imuran da firedinisolon, yau kwana shida, don ina tsoron su ne ke jawo abin. Shin labarin gaskiya ne? Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Kafin mu shiga batun sankara akwai abin da ba zai jira ba, shi ne firedinisolon ɗin da kika yanke lokaci guda. Duk wanda ya sha wannan magani fiye da sati uku zuwa huɗu, 'yan ƙululan da ke zaune a saman ƙodarsa sukan yi sanyi wajen samar da sinadarin kotizol, domin sun saba ana kawo musu daga waje. Idan aka yanke maganin farat ɗaya, jiki sai ya wayi gari babu na waje, na ciki kuma bai farfaɗo ba. Alamomin su ne kasala mai tsanani, amai, jiri idan an miƙe tsaye, da faɗuwar hawan jini ƙasa da ƙima. Matsalar ita ce duk waɗannan sun yi kama da laulayi, don haka mai cikin sati tara za ta iya ɗaukarsu ba komai ba. Ki kira likitanki yau, ko ki je asibiti gobe da safe da kwalayen magungunan a hannu, ki faɗa masa ranar da kika daina. Idan kuwa amai ya hana ki riƙe ko ruwa, ko kina jin kamar za ki suma, sashen gaggawa za ki nufa yanzu. Shi Plaquenil yana daɗewa a jiki, sai ya kai wajen kwana 40 kafin rabinsa ya fita, saboda haka kwana shida bai ɓata komai ba tukuna, matuƙar an koma da wuri.

To, labarin da kika gani yana da tushe, ba ƙirƙira ba ce. Binciken da ya fi yawo a kan wannan batu daga Denmak ya fito, an buga shi a 2024. Dalilin da ya sa irin wannan bincike ke fitowa daga can shi ne yadda suke ajiye bayanai: suna da rajistar sankara tun 1943, kowane ɗan ƙasa yana da lambar shaida tun 1968, rajistar marasa lafiya ta asibitoci kuma tun 1977. Da lambar yaro ake gano mahaifiyarsa, da lambarta ake ganin duk ciwon da aka taɓa rubuta mata. Masu binciken sun ɗauki yara sama da dubu shida da suka kamu da sankara, suka gwada su da wasu kimanin dubu 160 da ba su kamu ba, suka duba a wane ɓangare iyaye mata masu ciwon garkuwa suka fi yawa. Abin da ya fito shi ne ƙarin haɗari na kusan kashi 25 cikin ɗari idan aka haɗa dukkan nau'o'in sankarar yara, da kusan kashi 50 ga sankarar jinin da ta fi kama ƙananan yara, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ALL. An kuma ga ƙari a wasu ƙululan ƙwaƙwalwa da sankarar kaluluwa irin ta Burkitt.

Kashi 25, kashi 50, lambobi ne masu tayar da hankali idan ba a faɗi kashi nawa na mene ne ba. A ƙasashen Turai inda ake ƙidaya sosai, kusan yaro ɗaya cikin 500 ne ke kamuwa da sankara kafin ya cika shekara 15. Wato cikin yara dubu goma, 20. Ki ɗora kashi 25 a kan 20, ya zama 25. Ƙarin yara biyar ke nan cikin dubu goma, sauran 9,975 kuma babu abin da ya same su ta wannan fuska. Ita sankarar jini ta ALL kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta sankarar yara, wato yara biyar cikin dubu goma, idan aka ƙara mata rabi ta koma bakwai ko takwas. Wannan shi ne girman abin, ko da an karɓi sakamakon yadda yake ba tare da tankiya ba.

Akwai kuwa wuraren tankiya. Ciwon garkuwa ba ciwo ɗaya ba ne, sun haura tamanin. A irin wannan bincike ana zuba su a ƙwarya ɗaya don lambobin su kai a yi lissafi: ciwon suga nau'i na ɗaya, ciwukan ƙululun maƙogwaro, kumburin hanji, amosanin gaɓɓai, ciwon fata mai ɓawo, da sauransu. Duk waɗannan sun fi lufus yawa a Denmak, saboda haka matsakaicin da aka fitar ya fi zama labarinsu fiye da naki. Da zarar an fara raba ƙwaryar, ciwo kaza da sankara kaza, sai a tarar da yara ƙalilan a kowane gida, a irin wannan hali kuwa yaro ɗaya ko biyu sun isa su ɗaga lamba ko su kayar da ita. Sannan duk mai gwada abubuwa da yawa a lokaci guda, dole wasu su fito kamar suna da alaƙa alhali dace ne kawai. Rajistar asibiti kuma masu ciwo mai tsanani ta fi kamawa, wadda nata ya tsaya a hannun likitan unguwa ba lallai ta shiga ba. Abu na ƙarshe, wanda shi ne ya fi shafarki: irin wannan bincike yana nuna cewa abubuwa biyu sun haɗu, ba ya nuna wanne ya haifi wanne. Bai ce magani ne ya jawo ba.

Me zai iya haɗa su? Nan ne batun ya fi ban sha'awa. An daɗe da sanin cewa yawancin sankarar jinin ƙananan yara tun a ciki take soma tushe. Farfesa Mel Greaves na Landan da abokan aikinsa sun koma kan ɗigon jinin da ake ɗiba a dugadugan jarirai a ajiye a kati, suka tarar da cewa yaran da suka kamu a shekara uku ko huɗu, kuskuren ƙwayar halittar da ke cikin sankararsu yana nan a jininsu tun ranar haihuwa. Amma da suka duba jinin cibiyar lafiyayyun jarirai, sai suka ga kusan ɗaya cikin ɗari yana ɗauke da irin wannan kuskure, ninki ɗari ke nan na adadin da ke kamuwa da ciwon daga baya. Ma'ana kuskuren farko shi kaɗai ba ya isa, sai an sami na biyu bayan haihuwa, kuma a cikin ɗari masu na farko, 99 ba sa samun na biyun. Greaves yana ganin yadda garkuwar yaro ke horuwa a shekarar farko, da yadda take mayar da martani ga cututtukan yau da kullum daga baya, su ke buɗe ƙofar kuskure na biyu. Shi ya sa duk abin da ya taɓa garkuwar ɗan tayi yake jan hankalin masu bincike.

Daga nan hasashe ya rabu. Wasu na kallon kumburin da ke jikin uwa: ciwon da ke ci yana cika jini da sinadaran kumburi, mabiyiya na jin su, wataƙila su sauya yadda ɓargon ɗan tayi ke girma. Idan wannan ne gaskiya, to ciwon da ba a danne ba shi ne abin tsoro, maganin da ke danne shi kuma kariya ce. Wasu na kallon gado. Akwai ƙwayoyin halitta biyu, IKZF1 da ARID5B, da aka gano cewa wasu nau'o'insu na ƙara haɗarin ALL, kuma su ɗin dai sun fito a binciken lufus da amosanin gaɓɓai. Idan haka ne, abin da ya haɗa uwa da ɗa jini ne kawai, zaman ciki ba shi da hannu, kuma babu abin da shan magani ko barinsa zai sauya. Akwai kuma hanyoyi na gefe. Mai ciwon suga da sugan bai daidaita ba takan haifi ƙaton jariri, girman jiki a haihuwa kuwa an daɗe da sanin yana tafiya da ɗan ƙarin haɗarin sankarar jini. Masu ciwon garkuwa sun fi shiga tiyatar haihuwa, ita ma tiyatar da aka tsara kafin naƙuda an ga tana da 'yar alaƙa da ALL. Hasashen magani yana cikin jerin, amma shi ne mafi ƙarancin hujja ga magungunan da kike sha.

Ba a raina tsoron magani ba, domin tarihi ya ba shi dalili. A 1971 aka gano a Amurka cewa wani maganin hana ɓari da ake kira DES yana jawo wata sankara ta al'aura ga 'yan matan da iyayensu suka sha shi suna ciki. A 1956 kuma Dakta Alice Stewart ta Oxford ta nuna cewa hoton ƙashi da ake ɗaukar cikin masu juna biyu yana ƙara sankarar yara, abin da ya sauya aikin asibitoci a duniya. Shi sikanin da ake yi a wurin awo da sauti yake aiki, babu irin hasken hoton ƙashi a cikinsa, ki yi shi ko sau nawa aka buƙata. Waɗannan darussa ne suka sa ake bin diddigin yaran da aka haifa a kan magungunan garkuwa. Imuran, wato azatiyofirin, gaskiya ne yana ƙara haɗarin sankarar kaluluwa da ta fata ga babban da ya daɗe yana sha, musamman masu dashen ƙoda, amma an fi shekara hamsin mata na haihuwa a kansa, bibiyar 'ya'yansu kuma ba ta nuna ƙaruwar sankara ba. Sharaɗinsa a ciki kada ya wuce miligiram 2 ga kowane kilo na nauyinki a rana. Firedinisolon kuwa mabiyiya tana da sinadarin da ke kashe kaifin mafi yawansa, abin da ke isa ga ɗan tayi bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Ba haka dekzametazon yake ba, shi yana ƙetarawa, shi ya sa ake yin allurarsa idan ana son huhun bakwaini ya nuna, shi ya sa kuma bai dace mai ciki ta saye shi a kemis ta musanya da nata ba.

Yanzu ki ajiye waɗancan yara biyar cikin dubu goma a gefe, ki dubi abin da lufus da kansa ke yi wa ciki. Kusan ɗaya cikin biyar na masu lufus suna samun hawan jinin ciki mai fitar da furotin a fitsari, wanda kan kai ga jijjiga. Kusan ɗaya cikin uku suna haihuwa kafin lokaci. Waɗannan lambobi na cikin ɗari ne, ba na cikin dubu goma ba, kuma abin da ya fi tura su sama shi ne ciwon ya tashi a lokacin ciki, musamman idan ya taɓa ƙoda. Babbar hanyar tayar da shi kuwa ita ce barin Plaquenil. Ajiye magani don gudun sankara ya zama garin gyaran gira a rasa ido.

Plaquenil, wato haidiroksikulorokwin, ana shan sa daga farkon ciki har ƙarshe har shayarwa, yawanci miligiram 200 zuwa 400 a rana, ba tare da wuce miligiram 5 ga kowane kilo ba. Wani abin lura a nan: kasancewarsa ɗan uwan kulorokwin bai sa ya zama rigakafin zazzaɓin cizon sauro ba, ƙwayar maleriyar yankinmu ta daɗe da bijire wa kulorokwin. Ki kwana cikin gidan sauro. Kafin ki haɗiye Fansidar ɗin da ake rabawa a wurin awo ki faɗa musu kina da lufus, domin magungunan dangin salfa, irin su Septrin, sukan tayar wa wasu masu lufus da ciwo ko ƙuraje, sai likitanki ya auna. A kan waɗannan uku za a ƙara miki asfirin ƙarami, miligiram 75 zuwa 150 da dare, ana farawa wajen sati na 12 kuma kafin na 16, don rage haɗarin jijjiga. Idan aka fara shi bayan sati 16 amfaninsa yana raguwa, domin a lokacin jijiyoyin mabiyiya sun riga sun kafu. Sai folik asid da kalsiyam.

Ɓari biyun da kika ambata su ne suka fi tsaya mini a rai a cikin tambayarki. Wasu masu lufus suna da wasu sinadaran garkuwa da ke sa jini daskarewa a mabiyiya, ana kiran matsalar APS. Gwaje-gwaje uku ne ake yi a jini, kuma ba a tabbatar da ita sai sakamako ya fito sau biyu da tazarar sati 12, ko da yake ga mai ciki likita ba lallai ya jira na biyun ba kafin ya yanke shawara. Idan an same ta, asfirin shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da allurar hefarin ta ƙarƙashin fata kullum, irin su Clexane miligiram 40, har zuwa sati shida bayan haihuwa. Wafarin, ƙwayar hana daskarewar jini, ba ya shiga nan, yana lalata ƙashi da fuskar ɗan tayi, musamman tsakanin sati na 6 da na 12. Idan ba a taɓa yi miki wannan gwaji ba, shi ne na farko da za ki tambaya.

Na biyu shi ne gwajin anti-Ro da anti-La, wasu sinadaran garkuwa biyu da ake samu a jinin wasu masu lufus. Garkuwar uwa irin ta IgG tana ƙetara mabiyiya tun daga wajen sati na 13, tana ƙaruwa har haihuwa, wannan baiwa ce da ke kare jariri a watanninsa na farko. Sai dai a tare da mai amfani, mai cutarwa ma yana wucewa. Ga matar da ke da anti-Ro, kusan jariri biyu cikin ɗari yana samun lalacewar wayar da ke tafiyar da bugun zuciya, bugun ya sauko ƙasa sosai, kuma idan ta lalace gaba ɗaya ba ta gyaruwa, yawancinsu sai an sa musu na'urar bugun zuciya. Biyu cikin ɗari, ɗari biyu ke nan cikin dubu goma, ki gwada da biyar ɗin can. Wadda ta taɓa haihuwar irin wannan jariri haɗarinta yana hawa zuwa kusan ɗaya cikin biyar ko shida, Plaquenil kuma yana rage shi da kusan rabi. Abin yana faruwa ne tsakanin sati na 16 da na 26, don haka a wannan tsakani ake yawaita sauraron zuciyar ɗan tayi da sikanin zuciya. Bugun da ya sauka ƙasa da 110 a minti, ko ungozoma ce ta ji shi a ƙaramin asibiti, dalili ne na turawa babban asibiti ranar.

Awonki ba irin na kowa ba ne, yana buƙatar likitan mata da likitan lufus ko na ƙoda su riƙa ganin kati ɗaya, abin da ya fi samuwa a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin ƙwararru. Yanzu, tun ciki bai yi nisa ba, a auna ƙirgen jini, aikin ƙoda, furotin a fitsari, da gwaje-gwajen da ke nuna ko lufus na ci, wato C3 da C4 da anti-dsDNA, a ajiye su a matsayin ma'auni. Amfanin hakan zai bayyana can gaba: idan furotin ya fito a fitsari a wata na bakwai, dole a bambance ko lufus ne ya kama ƙoda ko hawan jinin ciki ne, maganinsu kuwa ya sha bamban, ɗaya ƙarin maganin garkuwa, ɗayan fitar da jariri. Furotin da ya bayyana kafin sati 20 kusan kullum na ƙoda ne. A auna hawan jini a gwada fitsari a kowane zuwa, 140 a kan 90 shi ne iyaka. A yi gwajin suga tsakanin sati 24 da 28, ko kafin nan tunda kina kan firedinisolon, sannan sikanin girman jariri duk sati huɗu a watannin ƙarshe. Ciwon kai mai tsanani, ganin wuta-wuta, kumburin fuska, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko raguwar motsin jariri, ba a kwana da su a gida. Ciwon gaɓɓai kuma farasitamol ne abokinsa. Su ibufurofen da daikulofenak da ake saya ba takarda ki bar su, daga sati 20 suna rage ruwan da jariri ke ciki, daga sati 30 kuma suna iya rufe wata jijiya ta zuciyarsa kafin lokacinta.

Ga sauran mata masu karanta wannan da ba su riga sun ɗauki ciki ba, magungunan da ake gudu da gaske daban suke, kuma abin da suke jawowa ɓari ne da nakasar halitta. Metotireksat ana barinsa wata ɗaya zuwa uku kafin a nemi ciki, CellCept aƙalla sati shida, saikulofosfamid wata uku. Arava yana iya zama a jiki har shekara biyu, sai an wanke shi da garin kolestiramin giram 8 sau uku a rana na kwana 11. Maganin hawan jini lisinofiril da danginsa ana musanya su da nifedifin ko labetalol ko Aldomet. Ƙa'idar ita ce a sauya zuwa maganin da ciki ke ɗauka, a ga ciwon ya kwanta wata shida, kana a daina maganin tazarar haihuwa. Ita ma tazarar, ƙwaya mai sinadarin istirojin ba ta dace da mai APS ko mai lufus da ke ci ba, robar mahaifa ko ashanar hannu sun fi. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya ta nemi HbA1c ɗinta, gwajin da ke nuna matsakaicin suganta na watannin baya, ya sauka ƙasa da 6.5 kafin ciki. Mai shan tairoksin, maganin ƙululun maƙogwaro, ta ƙara kusan kashi 25 zuwa 30 da zarar gwaji ya nuna ciki, hanya mai sauƙi ita ce ƙarin ƙwaya biyu a sati, ta kuma raba shi da maganin ƙarin jini da awa huɗu. Wadda ke kan allurai irin su Remicade ko Humira har watannin ƙarshe, lallai ta faɗa a ɗakin haihuwa kafin a yi wa jariri BCG, allurar rigakafin tarin fuka, domin a Nijeriya da Nijar tun ranar haihuwa ake yin ta, alhali irin wannan jariri ana jinkirta masa rigakafi mai rai aƙalla wata shida. Ke wannan bai shafe ki ba, jaririnki zai karɓi rigakafinsa kamar kowa.

Bayan haihuwa, ki shayar. Magungunanki uku duk suna tafiya da shayarwa, sai dai idan firedinisolon ya haura miligiram 20 a rana, a bar awa huɗu tsakanin sha da ba da nono. Binciken da ya tattara nazarce-nazarce da dama a 2015 ya nuna cewa yaran da suka sha nono wata shida ko fiye suna da ƙarancin sankarar jini da kusan kashi 19 cikin ɗari, ita ma dai alaƙa ce irin waccan, amma wannan karon tana wajenki. Idan jaririn ya fito da jajayen ƙuraje masu zagaye a fuska ko fatar kai, ko gwaji ya nuna ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa a makonnin farko, kada zuciyarki ta tafi ga sankara. Garkuwarki ce da ke yawo a jikinsa, tana ƙarewa da kanta zuwa wata shida ko takwas. Ke kuma watannin bayan haihuwa lokaci ne da lufus ke son tashi, kada hidimar jego da wankanta su sa a manta da magani.

Babu wani gwajin sankara na musamman da ake yi wa ɗan mai lufus, babu ƙungiyar likitoci da ta ba da shawarar haka, ɗibar jinin lafiyayyen yaro duk wata ba zai gano komai ba sai ƙarin fargaba. Abin da ke da amfani shi ne sanin alamomi, kuma wannan na kowace uwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara da matasa kimanin dubu 400 ke kamuwa a shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai kashi 30 ba, babban dalili kuma zuwa a makare ne da yanke magani a tsakiya. A wajenmu sankarar jini takan ɓuya a bayan maleriya da taifot da sikila: zazzaɓin da ya wuce sati biyu ana magani yana dawowa, fari fat na rashin jini da ake ƙara wa yaro jini ya sake zubewa, ciwon ƙashi da ke tashinsa da dare ko hana shi tafiya, tabon jini a fata ba tare da buguwa ba, haɓo da jinin dasashi, kaluluwar da ta yi tauri ba ta ciwo kuma ba ta sauka. Kumburin muƙamuƙi mai saurin girma da ke kaɗa haƙora shi ne irin sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wadda a Afirka take tafiya da yawan maleriya da wata ƙwayar cuta mai suna EBV, ba irin ta Denmak ba ce, kuma gidan sauro ya fi kusa da rigakafinta fiye da duk abin da ya shafi lufus. Sai ƙullutu a ciki da hannu ke ji lokacin wanka, wanda kan zama na ƙoda, da farin abu a ƙwayar ido mai ƙyalli kamar idon mage, wanda sau da yawa a hoton waya ake fara ganinsa, da ciwon kai da aman safe.

Gwajin farko mai arha ne: cikakken ƙirgen jini, tare da roƙon a shafa jinin a gilashi masani ya duba da ido. Akwai kuma kuskure ɗaya da gidan mai lufus ya fi kowane gida sauƙin faɗawa, domin maganin yana nan a kan durowa. Kada a ba yaro mai irin waɗannan alamomi firedinisolon ko dekzametazon kafin a ɗebi jininsa. Su ɗin suna cikin magungunan sankarar jini, kwana kaɗan sun isa su ɓoye ta daga gwaji, yaro ya warware kamar ya warke, bayan 'yan makonni ta dawo, an yi asarar lokaci, an kuma rikita wa likitoci hanyar tantance irin maganin da ya dace da shi.